Rabon Ungulu

Labari ya iske ni cewa tun ba a yi sadakar arba'in ɗin baffanku Ari ba, kun fara taruwa kuna ƙulla yadda za ku je ƙauye ku karɓo sarautar fawa daga hannun ɗansa Mamman. Wai gadonku ne, wai ƙwace aka yi wa ubanku. Ba wanda ya iya tarar idona ya faɗa mini a cikinku. A bakin wani mai kawo mini awaki daga Kelle na ji, kuma wallahi na ji kunya. To ku zauna ku ji. Ni ne aka ce an yi wa ƙwacen, ina nan da raina da hankalina, kuma na rubuta wannan babi ne don kada ku ɗauki fushin da mai shi ya riga ya ajiye.

Amma ba ku kuka buɗe mini baki ba, Zara ce, jikata da ke koleji. Ran nan ta zo rumfata a tashar Gure da littafinta, ta zauna kan benci tana haddar darasi, tana maimaita wata kalma ta Faransanci mai tsawo kamar hanjin raƙumi. Na ce mata amarya, wannan biyodibarsite da kike ta kira, ciwo ne ko sunan sabon mijin da za ki guje ni saboda shi? Ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta gyara zama.

"Tsoho, malamarmu ta ce duk mai rai ne da ke doron ƙasa. Dabba da tsuntsu, itace da ciyawa, ƙwaro, har ƙananan da ido ba ya gani. Kuma ba yawansu kawai ake nufi ba, har da bambancinsu. Ko cikin iri ɗaya ma akwai bambanci, kamar yadda tunkiya uda ba ɗaya take da balami ba. Sai kuma wuraren da suke zaune, tudu da kwari da tafki, da yadda wannan ke rayuwa da wancan."

Na ce mata malamarta ta iya magana, Allah ya ƙara mata sani, don ni na tsufa ina kallon abin nan ban taɓa sanin yana da suna ɗaya ba. Sai ta buɗe wani shafi ta miƙo mini. Hoton tsuntsu ne mai sanƙon kai, ya ƙudundune wuya a kan reshe.

"Wannan fa, Tsoho, akwai shi a ƙasarmu, ko na wata ƙasa ne?"

Tsiren da ke hannuna sai da ya ƙone ban juya shi ba. Jikar mahauci, jikar jikan mahauta, haihuwar Gure, tana tambayata ko akwai ungulu a ƙasarmu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, don ba laifinta ba ne. Ba ta taɓa gani ba.

Abin da malamar Zara ke koya musu a allo, mu a cikin tumbi muka fara ganinsa. In ka farka cikin akuya, daji ka buɗe. Kakanku, wanda muke kira Baba, shi ne Sarkin Fawa na kasuwar ƙauyenmu, kuma yakan sa hannu cikin tumbi ya ɗebo ya murza a tafinsa, ya ce wannan daga kwari ta fito, ga ƙwallon magarya, ga ɓawon goruba. Wannan kuwa ƴar tudu ce, ga ƴaƴan kandili, ga aduwa, ga ƙaiƙayin karangiya. Ba ya tambayar dillali inda aka kawo dabba, cikinta ke gaya masa. Haka nan saniya, ga mai saye dai nama nama ne, amma ga mai wuƙa jar saniyar Bororo mai dogon ƙaho ba ɗaya take da kuri ta bakin tafkin Cadi ba, ko a ƙashi ko a kitse. Kowace da ƙasar da ta yi ta, da ciyawar da ta gina ta. Yau in na farka tumbi, sau da yawa leda nake cirowa, baƙa, a murɗe kamar igiyar guga.

Mayankarmu tana bayan kasuwa, gindin wani tsohon gawo, kuma gawon nan na ungulaye ne tun kafin a haifi Baba. Akwai al'adar da muka gada. Ranar kasuwa, dabbar farko da aka yanka, kafin a cire rabon kowa, ko na bulama mai garin ne, sai Sarki ya yanki huhu da wuƙar sarauta ya jefa kan rumfa, ya ɗaga kai ya ce, "Ga naku, ma'aikata." Sai ka ji fuka-fukai kamar ana kakkaɓe tabarmi. Daga nan sai su sauko ƙasa su shiga cikinmu, suna tafiyarsu ta tsofaffin dillalai, suna bi ta tsakanin ƙafafunmu. Ba sa tsoron mahauci. Baƙo in ya matso sukan ja da baya, amma mu, ko ka taka wutsiyar ɗaya sai dai ta harare ka. Kafin la'asar mayanka ta yi fes, ba jini, ba ƙazanta, ba wari. Ina saurayi na taɓa ce wa Baba wannan ɓarnar huhu ce, tun da akwai tsofaffin mata masu saye. Ya dube ni yadda yake duban dabbar da aka yi wa kumburin ruwa don ta yi kyau a ido.

"Madu, kasuwa ba ta mutane kaɗai ba ce. Mu mu yanka, ungulu ta share. Abin da ta bari hankaka da shirwa su tsince. Abin da ya zube a ƙasa buzuzu ya mirgina ya binne. Ciyawa ta fito a wurin, akuya ta ci, ta dawo bakin wuƙarmu. To gaya mini, wa za ka sallama a cikinsu?"

Na juya na ci gaba da fiɗa.

Shekarar da nake son ba ku labari, damina ta yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, makiyaya suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu. Kasuwar da ake yanka shanu da raƙumi ta koma akuya biyu ramammu, mahauta goma sha suna kewaye da su kamar masu zaman makoki. A shekarar ce kuma idon Baba ya yi rauni, hannunsa ya fara rawa, ya ce bayan Babbar Salla zai miƙa wuƙa. Kowa ya san ni ne, don ni ne babba. Ari ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in gaya muku gaskiya ya fi ni iya zama da mutane. Shi bakinsa zuma, ni kuwa ba a banza ake ce mini Barkono ba. Kun san halina, ba sai na ɓoye muku ba.

Cikin rani sai ga waɗansu baƙi biyu daga kudu, ƙetaren iyaka, suka sauka gidan Ari. Ba nama suka zo saye ba, ba fata ba. Kan ungulu suke nema, da ƙafafunta, wai akwai masu tsibbu a manyan birane da ke haɗa wa mutane maganin sa'a da su. Sun yi yawo a daji sun sha wahala, tsuntsun ba ya yarda da su. Sai wani ya ba su shawara su nemi mahauta. Abin da suke biya a kan kai ɗaya ya fi abin da mahauci ke samu a kasuwa guda a shekarar nan. Abin da suke so kawai a bar su su barbaɗa wani garin guba a kan hanji ranar kasuwa. Ari ya same ni da hantsi ina wasa wuƙa a ƙofar gida, ya tsuguna, ya daɗe yana zane a ƙasa kafin ya fito da maganar. Na ce masa a'a tun bai rufe baki ba.

"Yaya, ungulu ce fa. Ba a cin ta, ba a layya da ita, ba a kai ta gidan surukai."

"Shi ya sa za ka kashe ta?"

"Ka shiga gidan Bukar mahauci kwanan nan? Ƴaƴan anza masu ɗaci matarsa ke jiƙawa tana ba yara. Ni kaina shekaranjiya ba a ɗora tukunya a gidana ba. Kaɗan za su ɗiba su tafi. Ungulu ta taɓa ƙarewa a duniya?"

"Ari, tsuntsun nan da amana yake shiga tsakanin ƙafafunmu."

"Yarana ma da amana suke kallon hannuna, Yaya."

Ku lura da wannan, don ina so ku san baffanku ba mugu ba ne. Maganarsa ta soke ni, kuma ba ni da abin da zan sa wa yaransa a baki, don nawa gidan ma fura ce tsararo. Amma na ce a'a, na tashi na bar shi a tsugune.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na makara wajen karɓo wata akuya a bakin rijiya, Baba kuma ya kwana da zazzaɓi bai fito ba. Ina doso mayanka sai na hango ɗaya daga baƙin nan a tsugune gaban kwano, yana juya hanji da tsinke. Mahauta suna tsaye kowa ya kau da kai. Da a ƙasa suka zuba, wataƙila da na iya haɗiye fushina. Amma sai na ga Ari ya ɗebi abin da ke kwanon ya jefa kan rumfa, ya ɗaga kai, ya yi kiran nan da muryar da ta yi kama da ta Baba.

"Ga naku, ma'aikata."

Suka kuwa sauko. Me zai hana su? Kiran da iyayensu suka sani ne.

Ban san lokacin da na saki igiyar akuyar ba. Na ɗauki gorar da muke rataye nama na hau share kan rumfa ina kora, ina ihu kamar mahaukaci, ni da ban taɓa korar ungulu ba a rayuwata. Na ɗauki kwanon na kife shi cikin wutar tukuba. Baƙon ya taso yana magana, na shaƙe wuyan rigarsa na tura shi cikin ramin jini, ya faɗa zaune. Ari ya riƙe ni ta baya, na fizge, na juyo na ɗaga hannu. Allah ya taimake ni ban sauke shi a kansa ba. Duk da haka na makara. Waɗanda suka riga suka haɗiya suka fara tangaɗi, suna buɗe fuka-fuki ba sa iya tashi. Wata tsohuwar ungulu mai ɗingishi, wadda duk mun san ta, ta tako har gabana kamar yadda ta saba in tana roƙon tsoka, ta kwanta a kan ƙafata. Nan ta mutu. Ni mahauci ne, na yanka abin da ba zan iya ƙirgawa ba, ban taɓa jin mutuwar dabba a jikina ba sai ranar.

Kashegari da la'asar mahauta suka taru a zauren Baba. Bukar ne ya yi magana, don shi ne babba a shekaru bayan Baba, kuma shi ya koya mini fiɗa.

"Madu, ba mu ƙi ka ba. Ɗanmu ne kai, kuma wuƙa taka ce. Amma yunwa ta shigo gidajenmu, kai kuma ka kife mana kwano a wuta. Abu ɗaya muke roƙo. Ka rufe ido har ruwa ya sauka. In damina ta yi kyau mu da kanmu za mu kori baƙin nan."

"In ruwa ya sauka ya tarar ba ko ɗaya a kan gawo fa?"

"Allah ne ya halicce su, shi zai kawo waɗansu."

"Allah ne ya halicci shanu ma, Baba Bukar, amma ban ga ka yanka mai ciki ba."

Wani daga baya ya ce to Sarkin da zai fifita tsuntsu a kan cikin ƴaƴanmu, ina amfaninsa? Ban ga wanda ya faɗa ba, amma ba wanda ya tsawata masa. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da muka tashi tare, muka ci a akushi ɗaya. Na ce wuƙar da za a ba ni da sharaɗin in rufe ido, ku riƙe abarku. Suka tashi suka fita, ba sallama.

Muka rage ni da Baba. Yana kishingiɗe, wuƙar sarauta tana gefensa cikin kubenta. Ya yi magana yana kallon rufin zaure.

"In na aika wa bulama gobe, kai zai naɗa. Haƙƙinka ne, ko suna so ko ba sa so. Faɗi in aika."

"Baba, kai me ka gani?"

"Na ga kana da gaskiya, na ga suna da yunwa. Ban taɓa ganin gaskiya ta ƙosar da yaro ba. Ban kuma taɓa ganin yunwa ta dawo da abin da ta cinye ba. Na tsufa, Madu, wannan naka ne."

A nan ne maganar take, ku buɗe kunnuwanku. Na auna abin ta kowane gefe. In na karɓa da ƙarfin bulama, hanya ɗaya ce zan iya hana su, ita ce in kira ƴan gandun daji, su zo da jandarma su ɗaure ƙanena da Bukar da rabin mutanen da zan yi wa sarauta, su bar matansu da yara cikin yunwa. In kuwa na karɓa na rufe ido, to kowace ranar kasuwa ni zan riƙa yin kiran nan da bakina, in san abin da ke cikin huhun. Na farko ba zan iya yi wa Ari ba. Na biyu ba zan iya yi wa kaina ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma yawa yana wajen Ari. Na ɗauki wuƙar, na ji nauyinta a hannuna, na mayar da ita gefen Baba.

"A ba Ari."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Amma ba zan zauna in gani ba."

Da bakina na faɗa. Ba wanda ya murɗe mini hannu, ba wanda ya kai wa bulama goro a ɓoye, duk waɗannan labaran da kuke ji ƙarya ne. Kuma na san inda kuka samo su. Uwarku Falmata ce, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ranar da na ce mata ta ɗaure kaya za mu koma Gure, tana daka, ta ajiye taɓarya ta riƙe ƙugu.

"Kai dai Barkono, Allah ya shirye ka. Mutane suna barin gari saboda mace, ko saboda gona. Kai ne na farko da zai bar gidan ubansa saboda ungulu. In yaran nan suka girma suka tambaye ni, me zan ce musu?"

Na ce ta gaya muku gaskiya. Ta ce gaskiyar nan ba ta faɗuwa a gaban mutane. Ashe ƙwace ta gaya muku, don ya fi daɗin faɗa, kuma ya fi rufa wa mijinta asiri. Ban ga laifinta ba. Ita ce ta tashi daga matar magajin Sarkin Fawa ta koma ɗakin haya a bayan tasha, tana daka mini yaji da ƙuli, hayaƙin kamyo, manyan motocin kaya, yana shigo mata har gado. Ta yi shekaru ba ta yafe mini ba, amma ko rana ɗaya ba ta bar ni da yunwa ba. Labarina kuma ya riga ni isowa Gure. Ƴan kamasho suka sa mini Sarkin Ungulu, har yau tsofaffinsu da shi suke kirana, ni kuma ina amsawa.

Kada ku ɗauka zan ce muku na ci nasara. Ban ceci ko ungulu ɗaya ba. Kafin ruwa ya sauka gawon ya zama fayau, baƙin suka ɗaure buhunansu suka yi gaba, aka ce an gan su wajen Gamu, daga baya wajen Bune. Mahautan ƙauyenmu sun ci abinci a ranin nan, wannan ma gaskiya ce, kuma ba yaron da ya mutu a gidan Bukar. Ba zan kuma ɗora wa Ari ƙarewar ungulu a ƙasar nan duka ba. Ko a nan Gure, inda ban ga an yi irin wannan ba, sun yi ta raguwa a hankali. Ana sa wa dila guba a mushe, su ci su mutu. Manyan itatuwan da suke sheƙa an sare. Wata shekara dai na ɗaga kai a mayanka na ga sama wayam, na kasa tuna yaushe na ga ta ƙarshe. Abin da ya biyo baya kowa ya shaƙa da hancinsa. Jaki ya mutu a bakin hanya ya kumbura ya yi ta wari har ya gaji. Karnuka suka yi yawa a mayanka, suka yi ƙiba, suka daina tsoron mutane. Ƙuda kuwa ba a magana. An sallami ma'aikaci ɗaya, aikinsa yana nan, ba mai yi.

Ni da Ari muka yi shekaru ba ma shiga sabgar juna. Ranar jana'izar Baba mun yi musabaha, hannu ya taɓa hannu, ido bai taɓa ido ba. In an yi haihuwa a gidansa uwarku ce ke zuwa, in an yi a nawa matarsa ce ke zuwa. Na yi kewarsa, ba zan ɓoye ba. Sau da yawa in na ji abin dariya a tasha sai in ce bari in ajiye wa Ari, sannan in tuna. Girman kai ne ya riƙe ni ko gaskiya, ban sani ba, wataƙila sun haɗu ne suka yi mini yawa.

Bara, bayan girbi, sai ga Mamman a rumfata. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce babansa ba lafiya, ya ce a gaya mini in zo ranar kasuwa, kuma in zo da wuri. Kuna Damagaram da Agadas wajen neman naku, ban kira kowa ba. Na shiga motar farko. Na tarar an ɗauko Ari a kujera an ajiye shi gindin gawon, ya rame har na kusa wuce shi. Ya ce Yaya, ka zo. Na ce na zo. Aka kawo mini turmi na zauna kusa da shi, muna kallon yara suna kayar da rago. Da aka farka ciki, sai Mamman ya zaro wuƙar sarauta ya yanki huhu ya kawo wa ubansa. Ari ya karɓa, ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu, hannun ya ƙi. Mamman ya karɓa ya jefa masa kan rumfa. Ari ya ɗaga kai, da ƴar muryar da ta rage masa.

"Ga naku, ma'aikata."

Mahauta duka suka tsaya da aiki suka dubi sama, har samarin da aka haifa bayan abin ya faru. Na ga alama sun saba. Can sai wani hankaka ya sauko daga gawon ya ɗauke huhun ya tafi.

"Kullum shi ne," in ji Ari. "Ba shi nake kira ba."

"Tun yaushe kake yi?"

"Tun daminar shekarar da ka tafi. Ban taɓa fashi ba, Yaya. Na ce ko ɗaya ta rage a wani wuri, in ta biyo ta nan ta tarar ba a manta da ita ba. Na ce maka ba ta ƙarewa. Ashe tana ƙarewa."

Ban ce masa ai na gaya maka ba. Na yi shekaru ina wasa wannan magana a raina kamar wuƙa, ranar da ta zo sai na ga ba abin yankawa. Na kama hannunsa kawai. Ya yi wa Mamman alama, yaron ya goge wuƙar ya kawo. Ari ya tura mini ita a kan cinya.

"Karɓi abarka. Aro na yi, ya daɗe."

Na ɗauka na juya ta. Ƙotar da na sani da shatar yatsun Baba ta lotsa ta wani wajen, ta koma hannun Ari. Na dubi Mamman, na tambaye shi in babansa ya kwanta dama zai ci gaba da jefa huhun nan, ko ya ga ɓarna ce. Ya ce Baffa, ni ban taɓa ganin ungulu ta sauka a nan ba, amma tun ina ƙarami nake ɗaga kai tare da shi, ban san yadda ake fara kasuwa ba tare da haka ba. Sai na miƙe tsaye, a gaban mahauta duka, na sa masa wuƙar a hannu na rufe yatsunsa a kanta.

Sau biyu ke nan ina ba da wuƙar nan da hannuna. To wa za ku je ku ce ya ƙwace? In kuka kai ƙara wurin bulama, ni zai kira shaida, kuma kun san bakina. Ba wanda ya taɓa riƙe wuƙar fiɗa a cikinku tun da kuka bar gida, sunan kawai kuke so, shi kuwa Mamman aikin yake yi. Abin da aka ƙwace a waccan shekarar ba sarauta ba ce, kuma ba ni aka ƙwace wa ba. Zara aka ƙwace wa, ita da sa'o'inta, kuma ba alƙalin da zai iya mayar musu.

Ku je ƙauye, ban hana ku ba, zumunci a ƙafa yake. Ku je ranar sadakar arba'in, ta faɗo daidai da ranar kasuwa. Ku riƙe goro da sukari, ku yi wa matan baffanku gaisuwa, ku kira Mamman Sarki a gaban mutane. Ku isa da wuri, kafin a kayar da dabbar farko, in ya jefa huhu ku ɗaga kai tare da shi. Ni ma zan je in ƙafa ta yarda. Zara ta ce in tafi da ita. Ta ce za ta riƙe littafinta mai hoton, don in wani abu ya sauko ta gane shi.